Garin Ƙarfe a Ƙarƙashin Fenti

Ya 'yan'uwa, an yi wani mutum a nan Agege, dillalin motocin tokumbo, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje. Ba zan kama sunansa ba, yana raye.

Mu mutanen Agege muna da abin alfahari. Bayarabe kan wuce garejin ɗan'uwansa ya zo wurin Bahaushe, don ya san in mota ta taɓa bugu za a nuna masa wurin da yatsa. Iyayenmu suka gina mana wannan suna.

Shi kuwa bawan Allahn nan, alfaharinsa daban ne. Hannu gare shi, wallahi! A kawo masa motar da tirela ta murƙushe, a yi mata walda, ya cike ramukan da fila, ya goge, ya fesa fenti, ya bi da folish har ka ga haƙoranka a jikin ƙofa.

Kun san masu saye kan zo da maganaɗisu a aljihu. Inda ƙarfe ne ya kama, inda fila ce ya faɗo. To sai gogan naku ya riƙa kulle ƙofa yana kwaɓa filarsa da garin ƙarfe. Maganaɗisu ya manne ɗaf, shi kuma ya rantse fentin kamfani ne.

Matarsa Furera ta ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Mutane fa za su shiga motocin nan."

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai yi shiru. Duk Legas ba mai wannan dabara sai ni."

Bayan shekara uku, Zayyanu, mahauci a Oko-Oba, mijin 'yarsa tilo Umaima, ya ga wata farar mota a Oshodi. Ya kawo masa ya ce, "Baba, duba mana. Da ita za mu je Kano da Sallah."

Alhaji ya zagaya ta da maganaɗisu, ya kama ko'ina. Bai leƙa ƙarƙashi ba, bai ɗaga kafet ba. Don me zai duƙa? A ransa ya ce, ni kaɗai ke ruɗin maganaɗisu, ni kuma ban taɓa sayar da fara irin wannan ba. Ya bugi ƙirji ya ce, "Saya. Ni na ce."

Sun wuce Ibadan kaɗan taya ta fashe, suka daki ƙarfen gefen titi. Bugu ne da motar kirki za ta jure. Wannan sai ta rabe biyu daga inda aka yi walda. Zayyanu ya tsira da karaya. Umaima ko asibiti ba ta kai ba.

Da aka janyo motar, Alhaji ya je ya gani. Fenti ya ɓare, fari a sama, baƙi a ƙasa, sannan fila. Ya ɓalli guntu ya murza, garin ƙarfe ya baƙanta masa yatsu. Wata baƙar mota ce da ya taɓa sayarwa, ta bi hannuwa, wani ya sauya mata launi.

Ya 'yan'uwa, wa ya ruɗa? Algus haramun ne. Aibin da ka rufe da fenti bai tafi ko'ina ba, yana kan titi, kuma ba ka san wa zai ɗauka ba. Ka faɗi aibin hajarka, ko da za a fasa saye.

Garejin nan a rufe yake yau. Shi kuwa yana zaune a bakin ƙofa, yini guda yana goge yatsunsa a jikin riga.

Allah ya kiyaye mu daga sharrin hannayenmu. Amin.