Gayyar Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta kai mu.

Wata shekara inuwa ta ƙare a daji, duk inda ka duba sai kututture. Kurege, saurayi mai zafin nama, ya kira gayya. 'Yan bushiya da 'yan zomo suka amsa, ba wanda ya nemi lada. Suka binne ƙwallon kanya da tsamiya, suna jido ruwa a baki, har tsiro ya yi ganye.

Kurege ya ce, "Aikin gayya ba ya cika sai manya sun sa albarka." Ya je ya durƙusa ya gayyato Bunsuru da Raƙumi, dattawan dajin.

Bunsuru ya shafa gemu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, yara. Ina abincin gayya?"

Kurege ya ce, "Baba, ba mu dafa komai ba. Mu ma da yunwa muka yi aikin."

Raƙumi ya ce, "Haba ɗana, ga shi nan kun jera mana."

Suka sunkuya suka bi tsiron nan, suka cinye tas. Yara suna tsaye suna kallo, ba mai iya hana su, ai manya ne. Da za su tafi, Bunsuru ya yi gyatsa ya ce, "Baɗi ku yawaita tsamiya, ta fi daɗi."

Yara suka watse, ba wanda ya sake amsa kiran gayya. Saura ƙwallo ɗaya a kumatun Kurege. Ya dubi ƙasa, ya dubi sawun Raƙumi, sai ya tauna ya haɗiye.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, nan tawa ta tsaya.