Ƙanƙarar Kaka da Shaguna Ashirin

Akwai wata tsohuwa mai sayar da ƙanƙara, kowa Kaka yake ce mata. Ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma kullum da safe direbanta yana raba ƙanƙara a shaguna ashirin, kuma ita ke tsara masa hanya da ka.

Ran nan jikanta da ake kira Injiniya ya dawo daga jami'a da kwamfuta a hammata.

"Tsohuwa, kin daina wahala. Wannan za ta fitar miki da hanyar da ta fi kowacce gajarta."

An riga an loda mota, rana ta fara ɗagawa. Amma Kaka mace ce mai son ganin ƙwaƙwaf. Ta ja kujera.

"To Maigida, yaya take yi?"

"Gwada kowane jeri take yi. Duba, shago biyar, jeri ɗari da ashirin ne." Ya danna, amsa ta fito kafin ƙiftawar ido.

Abin ya burge ta. "In shida ne fa?"

"Ɗari bakwai da ashirin."

"Shago ɗaya tak na ƙara! Goma fa?"

"Miliyan uku da rabi da 'yan kai."

"Wannan ba ƙari ba ne, haihuwar ɓeraye ce. Sa mata ashirin ɗin mu gani."

Ya sa. Kwamfuta ta hau huci. Direba ya leƙo: "Kaka, ruwa fa ya fara ɗiga a ƙarƙashin mota."

Kaka ta dubi jikanta. "Yaushe za ta gama?"

Injiniya ya yi lissafi, ya sosa ƙeya. "Kamar... shekara saba'in."

Kaka ta miƙe. "Direba, fara da mai kifi, nasa ba ya jira. Daga nan duk wanda ya fi kusa. Mai lemon bakin tasha a ƙarshe, yana da firji."

Kafin azahar mota ta dawo wayam, ba wanda ya yi ƙorafi.

"Amma ba ki da tabbacin taki ce ta fi gajarta," in ji Injiniya. "Ko malamanmu ba su gano dabarar gane hakan da sauri ba."

"Ban ce ta fi ba. Na dai riga rana."

Ta hana a kashe kwamfutar. Har ya koma makaranta, kullum sai ta leƙa: "Maigida, mutuniyar taka ta gama?"

Darasi: Kafin ka ce aiki mai sauƙi ne, tambayi yadda yake hayayyafa in an ƙara masa ɗaya. Amsa mai kyau yau ta fi wadda ba ta da aibi bayan ƙanƙara ta narke. Ku tura wa masu digirin gidanku, su karanta da kyau.