Wa Za Ta Riƙi Ladidi?

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan. Ga wata nan na kawo muku, kuma sai kun raba min ita kafin ku tashi. Shekara talatin ina sayar da man gyaɗa, tun Malam yana da rai har bayan rasuwarsa, ba a taɓa kawo min kayan da na kasa yi wa farashi ba sai wannan.

A unguwarmu mata sun kafa ƙungiya saboda 'yan matan da ake lalatawa a wurin talla. Suka hana kai talla tasha, suka sa duk Asabar a tara yaran a gaya musu abin da iyayensu ke jin nauyin faɗa. Mata uku ne ƙashin bayan abin: Tabawa mai koko, da Yalwa ungozoma, da Malama Sa'ade mai koyarwa a makarantar 'yan mata. Da, kwano ɗaya suke ci.

Akwai wata yarinya Barira, shekararta sha shida, uwarta ta rasu. Wani direba ya yaudare ta, ya yi gaba. Da ciki ya fito, ubanta ya watso mata kaya waje.

Tabawa ce ta tsince ta a bayan rumfarta, da ƙullin wani magani a hannu tana shirin haɗiya. Ta fizge ta jefa cikin murhu, ta ja yarinyar zuwa ɗakinta. Mutane suka ce ta buɗe gidan 'yan iska, masu sayen koko suka koma wani layin. Wata biyar tana zubar da koko a kwata, ba ta ce wa Barira tafi ba. Ba don ita ba, da uwa da abin cikin sun tafi tare.

Ranar haihuwa naƙuda ta kwana biyu, don ƙugun yarinya bai gama buɗewa ba. Tsofaffi suka ce a ƙara jiƙo, a yi haƙuri. Yalwa, da duk yaran unguwa a hannunta suka faɗo, ta aje girmanta ta ce wannan ta fi ƙarfinta. Ta tare Keke Napep ta kai ta asibiti. Aka ce sai an ƙara jini, ta miƙa hannunta aka ɗiba. Aka ciro 'ya mace ranar Lahadi, shi ya sa ake ce mata Ladidi. Kwana arba'in Yalwa tana dafa ruwan jego, tana dama kunun kanwa. Ba don ita ba, da likkafani biyu aka yanka.

Sai nono ya ƙi zuwa, jaririya ta koma kamar tsinke. Malama Sa'ade tana goyon ɗanta a lokacin, ta ɗora Ladidi a ɗaya ɓangaren har wata sha takwas. Ban da haka ta yi ta sintiri wurin shugabar makaranta sai da aka mayar da Barira aji. Ta je gidan uban Barira sau bakwai, ana barin ta tsaye a zaure, a na bakwan ya ce ya yafe. Ba don ita ba, da Ladidi ba ta ga wata biyu ba, da Barira tana can tana wankau a gidajen mutane.

Yanzu Ladidi ta isa yaye. Barira ta ci jarrabawa, an ba ta gurbi a makarantar ungozomomi a birni, shekara uku, kuma ba a zuwa da goyo. Kun san ɗan fari, in an yaye shi, kaka ce ke ɗauka. To, babu kaka. Nan abu ya lalace.

Tabawa ta yi wa yarinya kitso, Yalwa ta tsefe ta yi nata, Malama ta sake tsefewa. Kitso uku a mako guda, har in Ladidi ta ga mataji sai ta ruga ƙarƙashin gado. Ko a gidan suna suka haɗu, kowacce da tabarmarta. Asabar biyu ba a tara 'yan mata ba.

Suka zo rumfata na raba su, wai ni ce ba na jin kunyar kowa.

Tabawa ta ce, "Yaya Kande, da ban ƙona ƙullin nan ba, jinin wa za a ƙara? Wa za a ba nono?"

Yalwa ta ce, "Ke koko kika zubar, gobe kya dama wani. Jinina ne ke yawo a jikin uwarta."

Malama ta gyara mayafi ta ce, "Ni ba na gori. Amma ku kira ta mu ga cinyar da za ta hau."

Tabawa ta ce, "Ai dole ta hau, tulun nononta ne. Bari a yaye ta mu gani."

Barira tana gefe da Ladidi a baya. Ta ce, "Iyayena, duk wadda na ba, na ci amanar biyu. In ba ku daidaita ba zan haƙura da karatun, na riƙe abata."

Na ce a yi karɓa-karɓa, wata huɗu-huɗu. Duka ukun suka taso min, wai yarinya ba turmin aro ba ce. A nan kaɗai bakinsu ya zo ɗaya.

Na auna, na sake aunawa, mudun kowacce ya cika har ya yi tozo. Motar birni kuma ranar Asabar za ta tashi, ko da Barira ko babu ita.

To, ku da kuka yi boko, ku gaya min: tsakanin wadda ta ba da ɗakinta, da wadda ta ba da jininta, da wadda ta ba da nononta, a bayan wa za a ɗaura Ladidi?