Ƙararrawar Keken Malam Jatau

Dalilin da ya sa tafireta ke kaɗa ƙararrawa a ƙarshen kowane layi, yara, ba ado ba ne. A da ba ta da ita. In takarda ta ƙare a gefe sai ta ci gaba da buga haruffa a waje, su zube a banza.

A lokacin akwai Malam Jatau, mai buga wa mutane wasiƙa a gindin wani durumi kusa da gidan waya. Shekara talatin yana wannan aiki, bayansa ya ranƙwafa, ganinsa ya ragu ƙwarai. Bai gaya wa kowa ba, don in aka ji, wa zai ƙara kawo masa aiki? Yatsunsa sun san hanya, sai ya bar su suna ta tafiya.

Wata rana Iya Tabawa, wata tsohuwa, ta tako daga ƙauye, ta ce a rubuta wa ɗanta da ke aiki a Jos cewa mahaifinsa na kwance, ya zo maza. Malam Jatau ya buga gaisuwa, ya buga labarin damina. Maganar ciwon kuwa ta faɗo a ƙarshen layi, ta wuce bakin takarda, bai gani ba.

Bayan wata biyu ta dawo, tana cikin takaba. Ɗan ya aiko da amsa yana murna kowa lafiya. Ba ta yi faɗa ba, ba ta da ƙarfin yi.

Ta ce, “Malam, mai gidana ya cika yana tambaya ko yaron ya iso.”

Da ta tafi, Malam Jatau ya daɗe zaune, baƙin ciki ya cika shi. Ya gaya wa tafireta shi kam ya gaji, zai rufe ta ya koma gida.

Tafireta ta ce, “Ina jin bakin takarda in ya matso. Muryar da zan gaya maka ce ba ni da ita.”

Sai ya juya wajen kekensa, wanda ya daɗe da daina hawa, turawa kawai yake yi. Ya kwance ƙararrawarsa ya ɗaura wa tafireta. Masu wucewa suka yi ta zolayarsa, wai Malam ya rasa abin hawa, ya koma tuƙa keken rubutu. Sunan kuma ya bi tafiretar.

Shi ya sa har yau ake ce mata keken rubutu, take kuma kaɗa ƙararrawa kafin takarda ta ƙare. Tun daga ranar ko harafi ɗaya bai sake zube wa Malam Jatau ba. Iya Tabawa dai ba ta ƙara kawo wasiƙa ba.