Manomin da Ya Jira a Sake Yi Masa Tayi

A wani ƙauye can kan duwatsu, inda ake noman dankali da acca, an yi wani manomi mai suna Kefas. Yana da wa guda ɗaya, Gayus, wanda ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu. Gonarsu tana da nisa da gida, su kuwa ba su iya tafiya a hankali ba. Da gudu suke zuwa, da gudu suke dawowa, har mutanen gari suka gaji da tambayarsu ko lafiya.

Wata rana suka ji a rediyo ana ba da labarin gudun fanfalaki da ake yi a babban birni kowace shekara, inda dubban mutane suke gudun kilomita arba'in da 'yan kai a kan kwalta. Gayus ya dubi ƙanensa ya ce, "In Allah ya bar mu da rai, ni da kai sai mun yi gudun nan."

Amma neman abinci ya kai Gayus birnin shi kaɗai. Ya kama aikin kafinta, ya auri wata mace mai suna Keziya, ya zauna. Da fari yakan zo gida da Kirsimeti, daga baya sai dai gaisuwa ta waya. Kefas ya ci gaba da gudunsa zuwa gona, sai dai hanyar ta yi masa tsawo, gama babu sawun kowa a gabansa. Ya yi kewar wansa ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ana nan, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Gayus. Da ya ɗan samu sauƙi, ya sa Keziya ta kira ƙanensa ta kara masa wayar a kunne. Da ƙyar maganar take fita. Ya ce, "Kefas, ƙafata ta ƙi. Ka zo ka yi mana gudun nan. Za a kai ni inda ake ƙarewa, in ga shigowarka da idona."

Kefas ya ce, "Ina zuwa, Yaya."

To, mutanen ƙauyen nan suna da wata al'ada da suke taƙama da ita. In aka yi wa mutum tayin abinci ko abin sha, ba ya karɓa da fari. Sai ya ce ya ƙoshi, ko da cikinsa yana kuka. Mai tayin kuma ya san aikinsa: zai sake, ya nace, ya ce ransa zai ɓaci, sa'an nan baƙo ya miƙa hannu kamar an tilasta shi. Wanda ya karɓa tun tayin farko, sunansa mayunwaci har jikokinsa. Kefas kuwa ya fi kowa riƙe wannan abu.

Motar da ya shiga ta lalace a hanya, saboda haka bai iso birni ba sai da gari ya waye ranar tseren, bai ma samu ya leƙa gidan wansa ba. Aka maƙala masa lamba a ƙirji, ya shiga cikin taron da bai taɓa ganin irinsa ba. Aka busa usur, jama'a suka ɓarke da gudu. An rufe tituna domin su, makaɗa suna kiɗa a bakin hanya, mutanen da ba su san shi ba suna yi masa tafi. Ƙafarsa ta ji daɗin hanya marar duwatsu, ya dinga wuce mutane. Zuciyarsa kuwa tana can gaba, yana tunanin ko Gayus ya yi furfura, ko zai gane shi daga nesa.

Da suka yi nisa, sai ga tebur a gefen titi cike da kofunan ruwa, da 'yan mata suna miƙa wa masu gudu. Ɗaya ta miƙo masa ta ce, "Ga ruwa!" Kefas ya rage gudu, ya ɗan rusuna, ya ce, "Na gode, na ƙoshi." Ya kasa kunne yana jiran ta ce haba, ya ɗan kurɓa mana. Ina! Ta riga ta juya ga na bayansa. Ya ga mutane suna fizgar kofi babu ko gaisuwa, su sha rabi, su zuba rabi a ka, su jefar. Ya ce a ransa, "Waɗannan ba su da manya a gida ne?" Ya wuce yana jin ya fi su tarbiyya.

A tebur na gaba haka aka yi, da na gaba da shi. Har yakan ƙara rage gudu don ya ba su zarafin nacewa, amma ba wanda ya nace. Rana ta ɗaga, kuma ranar birni ba irin ta kan dutse ba ce, daga sama take duka, kwalta kuma tana dukan mutum daga ƙasa. Maƙogwaronsa ya bushe, harshensa ya yi nauyi. Gumi ya daina fita, gishiri ya kwanta masa a fuska. Duk kofin da ya gani ransa yana biyawa, amma da an miƙo sai bakinsa ya riga shi cewa ya ƙoshi.

A kan wata doguwar gada jijiyar ƙafarsa ta ɗaure, jiri ya ɗebe shi, ya faɗi. Da ya farfaɗo, ya ga kansa a ƙarƙashin rumfa, wata dattijuwa daga cikin masu ba da ruwa tana yi masa fifita.

Ta ce, "Ɗana, yaushe rabonka da ruwa?"

Ya ce, "Mama, ban sha ba tun da aka fara."

"Ba a ba ka ba ne?"

"An miƙo. Amma ba wanda ya sake ce mini in karɓa."

Dattijuwar ta riƙe baki. Ta ce, "Ikon Allah! Duk teburan nan da ka wuto, don wa aka jera su? Ungo, sha."

Ya karɓa da hannu biyu, ya sha, ya ƙara. Ya so ya tashi nan take, amma ma'aikatan lafiya suka hana shi sai da ya daɗe a kwance. Da suka sake shi, gudu ya gagara. Ya ja ƙafa, yana tafiya yana tsayawa, yana roƙon Allah a ransa ya ba wansa ƙarfin jira.

Sa'ad da ya shiga filin wasa inda ake ƙarewa, makaɗa sun tashi, ana kwance rumfuna. Ya duba dama da hagu yana neman keken guragu, bai gani ba. Sai wata mace ta matso, ta dube shi, ta ce, "Kefas ne? Ni ce Keziya. Ya jira ka, tun da sassafe yake nan. Duk wanda ya shigo sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce mini, shi ne? Rana ta yi masa yawa, jikinsa ya soma rawa, dole aka mai da shi gida. Yana kuka aka sa shi a mota."

Da yamma 'yan'uwan suka ga juna a gida, suka riƙe hannu. Gayus bai yi masa faɗa ba. Ya ce kawai, "Ba kome, sai baɗi." Amma kafin damina ta ƙare aka binne Gayus, bai ga shigowar ƙanensa ba.

Ga ma'anar wannan misali, ya ku ƙaunatattu. Tseren nan shi ne zamanmu a duniya, ruwan kuwa shi ne alherin Allah cikin Yesu Almasihu, wanda aka tanada mana tun ba mu san za mu ji ƙishi ba. Kefas ba mugu ba ne. Yana da ƙarfi, yana da ƙauna, ya san inda ya nufa. Abin da ya kā da shi girman kai ne wanda ya sa rigar kunya, shi da kansa ma bai gane shi ba.

Mu ma haka muke. Akwai wanda gidansa yake cikin wahala, dattawan ikilisiya suka tambaye shi, ya ce lafiya lau. Akwai wadda take ɗauke da zunubin da ya hana ta barci, aka yi kiran tuba, ta ce bari a sake kira mako mai zuwa. Muna so a lallashe mu kafin mu karɓi abin da in babu shi za mu mutu, don kada a ce muna da bukata. Sa'an nan mu ce Allah bai nace ba. Ya nace mana! Kowace safiya da ka farka tebur ne, kowace Lahadi tebur ne, kowane ɗan'uwa da ya tambaye ka yaya jiki tebur ne. Sai dai babu wanda ya san wanne ne na ƙarshe a hanyarsa.

Kada kuma ka ce ƙishinka naka ne kai kaɗai. Akwai masu zuba ido su ga ka kai ƙarshe, iyaye da mata da 'ya'ya, kuma ba dukansu ne za su iya jira har baɗi ba. In kana jin ƙishi yau, ka faɗa wa Ubangiji gaskiya, ka miƙa hannu ka karɓa.