Rijiyar Sabuwar Tunga

Ga ta nan gare ku.
Ta zo mu ji ta.

"Wai ina za mu haƙa rijiya?" Kurciya ta ji Zomo yana tambayar Raƙumi, masanin da dabbobi suka ɗauko ya tsara musu sabuwar tunga.

Raƙumi ya ce, "Gaggawar me, Malam Zomo? Ba makon jiya aka sha ruwa ba?"

'Ya'yan Kurciya kuwa ƙishi na neman kashe su. Da aka watse, ta matso a kunyace. "Baba Raƙumi, na ga gara na fito da ƙasa mai danshi a gindin gawo."

"Af! Na manta ba kowa ne raƙumi ba."

Ya sa aka haƙa, ruwa ya ɓulɓulo. Ana ta yi masa kirari, Kurciya ta shayar da 'ya'yanta, ta ƙudura ba mai ji daga bakinta cewa ita ta nuna wurin.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera.