Dami Uku a Ƙofar Maginin Rumbu

Akwai wani manomi mai babbar gona, a wata ƙasa inda ake kiyaye dokar da Allah ya ba Isra'ilawa. Dokar nan ta hana mai gona ya girbe gonarsa kakaf. Sai ya bar gefe, ya bar abin da ya zube, don matalauci da gwauruwa da baƙo su zo su yi kala. Ba a miƙa musu a hannu, ba a tambayarsu suna. Su shiga su tsinta, su kama hanyarsu.

Manomin nan ba marowaci ba ne, kada mu yi masa ƙage. Gefen da yake bari ya fi na kowa faɗi. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya alheri baki rufe. In ya ba ka ruwa ka sha, sai unguwa ta ji labarin ƙishin da ka zo da shi.

A garin kuwa akwai wani dattijo maginin rumbu. Rabin rumbunan garin shi ya gina, har da na manomin. Da tsufa ya zo, hannunsa ya kama karkarwa, aka daina kiransa aiki, ga shi Allah bai ba shi ɗa ba. Shi da matarsa suka rufa wa kansu asiri. Yakan sa rigarsa guda wankakkiya ya zauna cikin dattawa, ana neman shawararsa, ba wanda ya san rumbunsa babu ko ƙwaya.

Ran nan da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa zuwa inuwa, dattijon ya lulluɓe kansa da mayafi, ya lallaɓa gefen gonar yana tsintar zangarniyar dawa. Sai manomin ya hango shi, ya gane tafiyarsa.

Ya ɗaga murya ya ce, "Baba magini! Kai ne da kala? Ashe abin har ya kai haka?"

Ya kira masu yi masa girbi suka taru. Ya sa aka ɗaura dami uku a kan jakuna, shi kuma ya shiga gaba. Ranar kasuwa ce, kuma ta tsakiyar kasuwar ya bi. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Na Baba magini ne. Yunwa ta kusa kashe shi ba mu sani ba. Da idona na gan shi yana kala." Dattijon yana biye a baya, kansa a sunkuye, dattawan da yake zama da su suna kallo. Da aka sauke kayan a ƙofarsa ya ce, "Na gode," da kyar aka ji muryarsa. Manomin ya koma gida zuciyarsa fes.

Bayan kwana biyu ya bi ta ƙofar gidan, wai gaisuwa, amma ragowar godiya ya je karɓa. Sai ya tarar da damin nan uku yadda aka ajiye su, ba a kwance ko ɗaya ba, awaki na ci. Ya yi sallama sau uku, shiru. Ya leƙa ciki, murhu ya yi sanyi, tabarma ma babu.

Wata maƙwabciya ta ce masa, "Tun jiya da sassafe suka fita, suka bi hanyar daji. Ko gorar ruwa ban ga sun riƙa ba."

Manomin ya san hanyar nan, tafiyar yini ce babu rijiya. Ya fizgi gora ya bi su a guje, yana bin sawun sandar dattijon a cikin rairayi. Tun yana ganin sawu a miƙe har ya fara ganinsa a karkace, ga wurin da aka faɗi, ga wurin da aka ja jiki aka tashi. Ya ɗaga kai ya ga ungulaye suna shawagi can gaba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, yana ta cewa, "Ya Ubangiji, kada ka ɗora mini wannan."

A gindin wata aduwa ya same su. Tsohuwar na zaune tana korar ƙudaje, mijinta na kwance. Manomin ya durƙusa ya zuba masa ruwa a baki, ruwan ya gangaro ta gefe. Dattijon ya riga ya cika.

Manomin ya fashe da kuka ya ce, "Inna, taimako na yi nufi."

Ta ce, "Na sani, ɗana. Shekara biyu muna fama da yunwa, ba ta kore shi daga gari ba. Shekaranjiya ya ce mini ba shi da sauran fuskar da zai zauna cikin mutane. Da ka gan shi, ai da ka kau da kai kawai ka wuce."

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Gona ita ce duk abin da Allah ya sa a hannunmu. Gefen da aka ce a bari rabon matalauci ne, ba kyautarmu ba ce, shi ya sa ba a tsare shi sai ya yi godiya. Malaman Yahudawa na dā sun koyar cewa wanda ya kunyata ɗan'uwansa a gaban jama'a kamar ya zub da jini ne. Sun kuma ce da ka ba mutum ka kunyata shi, gara ba ka ba shi ba. Mu ma mun san mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

To, mu fa? Ranar godiyar girbi mukan kira gwauraye gaban ikilisiya da sunansu, mu miƙa musu kwanon masara, a ɗaga waya a ɗauki hoto, a tafa mana. Ni da nake faɗa muku na taɓa yin haka, kuma in na tuna jikina yakan yi sanyi. Ɗaya daga cikin matan nan ba ta sake taka ƙofar majami'armu ba. Ranar da za mu tsaya a gaban Ubangiji zai tambaye ni inda take, kuma har yau ban san abin da zan ce masa ba.